Lamba Takwas da Ɗan Farina

Yadda muka taso daga Kazaure da kukan da aka sha a tasha, wannan na bar wa 'yan rakiya, sun fi ni ganinsa. Ni dai na buɗe ido na gan mu a Longsight, cikin wani flat a saman shagon mai sayar da katifu, ni da Malam da yaron da ke bayana, watansa tara a duniya. Mai gidan ya turo mana hoton ɗaki mai taga biyu da ɗan lambu a baya. Da muka zo, lambun na maƙwabci ne, taga ɗaya kuma an toshe ta da katako. Malam ya buɗe baki zai yi magana, mutumin ya ce akwai waɗanda ke jiran makullin. Muka karɓa.

Karatun digiri na uku ne ya kawo Malam. Yakan fita yaron bai tashi ba, ya dawo ya tarar ya yi barci. Ni kuwa a aji huɗu na firamare na tsaya, sai Islamiyya. Turancina bai wuce gaisuwa da godiya ba. Amma Allah ya ba ni ido. Innata takan ce ko kaza ce ta canza tafiya a tsakar gida, Sa'a ce za ta fara gani. Da idon nan na koyi Manchester: bas ɗin da ke bin Stockport Road, mahaucin da ke danna sikeli da ɗan yatsa, ranar da ake fitar da bola, da irin gajimaren da ke nufin ruwa ba zai tsaya ba sai gobe.

Akwai abin da duk Bahaushiya ta sani, amma sai na faɗa, don daga nan komai ya taso. Yaron nan ɗan farina ne, kuma sunan mahaifin Malam aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kaina. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a takardar nan ba zan rubuta shi ba. "Kai" nake ce masa, ko "wannan". Ba na yabonsa a gaban mutane, ba na rungumarsa ana kallo. Haka Inna ta yi wa yayana, kowa yana yaba hankalinta. Malam shi ma ba ya faɗin sunan mahaifinsa, in ya samu yaron a farke ranar Lahadi sai ya ce masa "Babana".

Shekara guda da rabi na yi ba ni da wanda zan yi wa hira sai bango. Ranar da na fara jin Hausa a waje, a kasuwar Longsight ne. Wata mata mai jiki tana zaɓen doya, waya a kunne, tana cewa, "In kin ga dama ki ƙone shinkafar, ke za ki ci." Na tsaya a bayanta kamar an dasa ni. Ta juyo ta dube ni daga hijabi har takalmi.

"Ƙanwata, lafiya? Ko doyar taki ce?"

Na ce a'a, Hausar ce na ji. Sai hawaye.

Wannan ita ce Maman Joy, 'yar Zonkwa, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, shekararta goma sha biyar a ƙasar. Ita ta kai ni wurin GP, wato likitan unguwa, ita ta sa sunana a ajin Turanci na wata kwaleji da ke kusa da mu. Sai dai na zo a lokacin da gwamnati ke tsuke bakin aljihu, komai ka taɓa sai a ce an rufe. Gidan wasan yara na unguwarmu council, wato ƙaramar hukuma, ta sa masa kwaɗo. Ɗakin renon da ke kwalejin aka rufe ina sati uku da farawa, ajin namu aka mayar da shi kwana ɗaya, kuma ba a shiga da yaro. Karatu ya ƙare ke nan.

Maman Joy ta ce, "To ba za ki koma ki ruɓe a ɗaki ba. Laraba ina hutu, Joy tana da ƙwallo. Ki ɗauko ƙaramin maigidan nan naki mu je."

Na ce, "Anti, ƙwallo kuma? Mata?"

"Mata zalla. Har kocin mace ce. Ko Malam ɗinki ba zai samu abin cewa ba."

Bai samu ba kuwa. Ya ce in dai zan riƙa shan iska, in je.

Filin yana bayan kwalejin, ciyawa rabi laka rabi, da wata 'yar rumfar roba inda masu jiran canji ke zama. Joy ce mai tsaron gida. A shekarar aka sallami tsohon kocinsu aka ɗauko sabuwa, Koci Bev, doguwar baƙar mata daga Birmingham, iyayenta mutanen Jamaika. Aikin rabin lokaci aka ba ta, amma ita ce direban motarsu, ita ke hura ƙwallaye, ita ke kwashe riguna ta wanko a gida. 'Yan matan ba sa son ta. Tsohon kocin yakan jefa musu ƙwallo ne ya koma gefe yana shan shayi. Ita kuwa sai an zaga fili, sai an yi ta miƙa wa juna ƙwallo, taɓawa biyu ki saki, wadda ta yi uku ta fita ta yi tsallen kwaɗo. Wasanni huɗu na farko duk aka cinye su. Akwai ranar da aka zura wa Joy bakwai, ta zauna a laka tana kuka, uwarta tana ce mata daga bakin layi, "Tashi, ni ba zan wanke wandon nan ba."

Ban san dokar ƙwallo ba, har yau ma ban gama sanin abin da ake kira satar gida ba. Mutane nake kallo. Wata Laraba na ce wa Maman Joy, "Waɗancan biyun na baya ba sa ga maciji. Mai kitson nan ta gwammace ta ba abokan gaba ƙwallo da ta ba 'yar gajeriyar." Na ƙara da cewa Joy tana rufe ido in ƙwallo ya taho ta sama. Maman Joy ta kwashe da dariya, kafin in riƙe ta ta je ta juye wa Koci duka da Turanci. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Koci ta tako har rumfar, ta durƙusa daidai tsayina. Ta tambayi sunana, ta maimaita sau biyu har ta kama shi. Sannan ta ce, ta bakin Maman Joy, "Me kuma kika gani?"

Na ce mai lamba goma sha ɗaya ba ta cin abinci kafin ta zo, leɓenta fari ne, bayan hutun rabin lokaci ƙafarta rawa take yi. Kuma ba ita kaɗai ba ce.

Sati na gaba ta zo da ayaba cike da leda. Ni kuma na tashi da asuba na soya ƙosai na cika kula. Farko suka tsaya suna shinshinawa, daga baya har faɗa ake yi a kan na ƙarshe. Masu gabar nan biyu Koci ta haɗa su ɗaukar raga kullum, su biyu kawai, har suka gaji suka shirya. A wata na uku aka yi canjaras, sannan aka ci wasa, sannan aka sake ci. Ina shigowa fili sai in ji "Sa'a, Sa'a" ta ko'ina, da irin harshensu na Manchester mai haɗiye rabin kalma. Kafin a tashi Koci takan zo ta ce, "Me kika gani?" Wannan tambayar na iya ta da Turanci tun kafin in iya karanta lambar bas.

Abu ɗaya na gani ban faɗa wa kowa ba. Akwai wata mai lamba takwas, Tasha, ita ce ta fi kowa iya wasa. Koci tana kiran kowa da sunanta, amma ita sai dai ta ce, "Takwas." In wata ta ci ƙwallo Koci takan dafa kanta, in Tasha ta ci sai ta duba agogo. Kuskuren da za a yafe wa kowa, Tasha sai ta zaga fili a kansa. 'Yan matan sun ɗauka tsana ce, har suna tausaya mata. Amma ranar da aka kwashe wa Tasha ƙafa ta faɗi a kan kafaɗa, na ga ƙafar Koci ta yi gaba taku ɗaya ta dawo, ta damƙe usur ɗinta har jijiyar hannunta ta fito, ta juya tana gyara jakar da ba ta buƙatar gyara. Na san wannan juyawar. Na yi shiru, don ba a tona irin wannan.

Da sanyi ya kankama aka canza wa Maman Joy lokacin aiki, Laraba da yawa ni kaɗai nake zuwa. Yaron ya shekara biyu da 'yan watanni, yana yawo a bakin layi cikin rigar sanyi kamar buhun auduga. Wata rana Koci ta ɗaga shi sama ta ce kyakkyawa ne, ta tambaye ni sunansa. Na kau da kai na ce, da guntun Turancina, "Rigima ce kawai." Ta sake tambaya, na yi kamar ban ji ba. Wata Laraba kuma ya faɗi ya fasa leɓe, ya taho da gudu yana kuka zai faɗa jikina, ga mutane cike da rumfa, har da iyayen 'yan ɗaya ƙungiyar. Na duba bakin da sauri na ga ba mai zurfi ba ne, sai na juya shi na tura wa Joy. Fuskata ba ta nuna komai ba. Na ɗauka na yi abin da ya dace. Na lura Koci ta daɗe tana kallona.

Bayan kwana goma wata ma'aikaciyar lafiya ta zo flat ɗinmu da jaka da takardu. Ta zauna a ƙasa ta fito da kayan wasa, ta duba takarda ta kira sunan yaron. Bai waiga ba. Ta sake kira, ta matso, ta kira a karo na uku. Yana ta tura murfin tukunya abinsa. Ta tambayi kalmomi nawa ya iya, ni kuwa ban da "ruwa" da "a'a" ban san ya iya wani abu ba. Ta ce me na fi so game da shi. Na sunkuyar da kai. Tana ta rubutu, ƙarar alƙalamin nan har yanzu ina jin ta.

Sai wasiƙa. Malam ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune. An kira mu zama a ofishin council bayan sati shida, a duba lafiyar yaron da yadda ake kula da shi, saboda wani a kwalejin ya nuna damuwa.

Duk wadda ta zauna a ƙasar nan ta ji labarin yaran da aka karɓe daga hannun iyayensu. Ko gaskiya ne ko ƙari, a masallaci ana faɗa, a kasuwa ana faɗa. Malam ya ce shi zai yi musu bayani, ai yana da Turanci. Can kuma ya ce, "Ko dai mu tura shi gida wurin Hajiya kafin ranar? Akwai mai tafiya ƙarshen wata. Gara yana hannun kakarsa da hannun wanda ba mu sani ba."

Ko ta wace hanya aka bi, ni ce zan wayi gari ba shi. Na daina barcin kirki, na daina zuwa fili. In na ji an taka matattakala sai in ɗauke shi in shige banɗaki in kulle. Laraba biyu suka wuce a haka.

Ranar Asabar aka ƙwanƙwasa. Muryar Maman Joy ce, shi ya sa na buɗe. Koci Bev tana bayanta, ta cire takalmi tun kafin a ce mata. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ita ce ta kai maganar. Dokar aikinta ce, in ta ga abin da ya tsaya mata a rai game da yaro dole ta faɗa, kuma ba ta so in ji daga bakin wani.

Na ce wa Maman Joy, "Ki ce mata ta ci ƙosaina."

Maman Joy ta ce, "Wannan kam ba zan fassara ba." Ta juya ta yi wa Koci doguwar magana a kan kunyar ɗan fari. Koci tana saurare da ladabi, tana gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta shiga ba. Irin gyaɗa kan da likita ke yi ne in kana ba shi labarin maganin gargajiya.

Da za ta tafi ta ce ranar Laraba suna da wasan kofi a Birmingham, garinsu, wanda aka cinye ya fita. Ta ce 'yan matan suna tambayata, Joy ma ta koma rufe ido. Tana so in zo.

Malam ya ce in je. Ya ce ɓuya ita ce za ta sa a ce muna da abin ɓoyewa.

Muka bi bayan motar 'yan wasan a motar Maman Joy, yaron a ɗaure a kujerarsa. Ban taɓa fita daga Manchester ba sai ranar. Hanya shimfiɗe, tumaki a kan tuddai kamar an watsa farar shinkafa, ni kuwa ban ga kyan komai ba, ina ta juya magana a baki. A rabin hanya aka tsaya wani babban wurin shan mai da cin abinci. 'Yan matan suka ruga ciki. Koci ta tsaya ita kaɗai a jikin motarta da kofin shayi. Na ce wa Maman Joy ta zo, amma kada ta sa baki sai na nema.

Na tsaya gaban Koci. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su. Na ce, "Lamba takwas. 'Yarki. Ta fari."

Kofin ya tsaya a hanya bai kai bakinta ba. Ta waiga ta ga ba kowa kusa. Ta dubi Maman Joy, Maman Joy ta buɗe hannuwa, ita ma yanzu take ji.

"Wa ya gaya miki?"

Na nuna ƙafarta. Na yi taku ɗaya gaba na dawo, na damƙe hannu, na juya baya, yadda ta yi ranar da Tasha ta faɗi. Sannan na nuna yaron da ke barci a mota, na nuna ƙirjina. Na ce, "Ni ma haka."

Ta ajiye kofin a kan motar. Da ta fara magana, Maman Joy tana juya mini a hankali. Tasha sunan mahaifinta take amfani da shi, shi ya sa ba wanda ya gane. Da aka ba ta aikin suka yi shawara su biyu kada kowa ya sani, don kada a ce yarinyar ta samu riga ne saboda uwarta. Ta ce wata shida ke nan ba ta taɓa 'yarta a fili ba, kuma ba abin da ya fi wannan wuya a duk aikin. Ta share ido da bayan hannu ta yi 'yar dariya, ta ce ita da ke tsammanin ta iya ɓoye abu.

Na ɗauka magana ta ƙare, na yi nasara. Sai ta dube ni sosai ta ce, "Amma Sa'a, ni in mun koma gida na rufe ƙofa, ina kiran sunanta har ta ce na ishe ta. Tana da kaka, za ki gan ta yau. Shi fa? Tun safe har dare, wa ke kiransa?"

Maman Joy ta fassara, muryarta ta yi ƙasa. Na buɗe baki in ce kakarsa, in ce goggonninsa, in ce yaran maƙwabta da ke ɗauke shi tun hantsi sai magariba. Duk suna Kazaure. A gida uwa tana kau da kai ne saboda akwai hannu ashirin da ke miƙowa. Ni na kau da kai a ɗakin da ba kowa sai ni da shi. Na tsaya a wurin ajiye motocin nan, iska tana kaɗa hijabina, na rasa inda zan sa idona.

Koci ta dafa kafaɗata sau ɗaya, irin yadda take yi wa mai tsaron gida in an zura mata ƙwallo. Ta hura usur, 'yan mata suka fito.

Filin Birmingham ya fi namu kyau, har da wurin zaman 'yan kallo. Tun kafin a fara na gane kakar: wata tsohuwa da hular zuwa coci da katuwar lema, tana buga lemar a ƙasa tana kiran "Natasha" da muryar da ta cika filin. 'Yan matanmu suka fara kallon juna, suna kallon tsohuwar, suna kallon Koci, don kamar ta yi yawa. Kafin hutun rabin lokaci asiri ya gama tonuwa, ba da bakina ba.

An fara cin mu ɗaya. Mai lamba goma sha ɗaya ta farke, ta zo bakin layi tana yi mini alamar ƙosai da hannu. Joy ta kama wani ƙwallo ta sama da idonta a buɗe tar, uwarta ta kusa faɗawa cikin fili. Saura kaɗan a tashi suka ƙara mana. A minti na ƙarshe aka ba mu bugun fenareti, Tasha ta ajiye ƙwallo, ta ja baya, ta buga. Ya daki ƙarfen sama ya tashi. Alƙalin wasa ya hura tashi.

Tasha ta durƙushe a wurin. Tsohuwar ta jefar da lema ta shiga fili da takalmin cocinta, ta rungume ta tana jijjigawa. Koci tana tsaye kusa da ni, tana tattara robobin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na taya ta. Da muka gama, ba sauran abin tattarawa, na ɗan ture ta da gwiwar hannu. Ta dube ni, ta ajiye jakar, ta tafi wurin 'yarta a gaban kowa.

Daga baya tsohuwar ta hango yaron. Ta ɗauke shi ba ta nemi izinin kowa ba, kamar yadda tsofaffinmu ke yi, ta tambayi sunansa. Maman Joy ta faɗa. Tsohuwar ta mayar da sunan waƙa, tana rawa da shi, tana lakace masa hanci duk lokacin da ta faɗa. Na juya ina kallon raga, don muryarta ta koma mini ta Hajiya sak.

Kafin a shiga mota Koci ta tara 'yan matan. An fita daga kofi, amma saura wasanni uku na rukuni. Ta kafa sabuwar doka: duk wadda ta shigo fili, kafin ta taɓa ƙwallo, sai ta je ta durƙusa ta gaishe da yaron da sunansa. Wadda ta manta, zagaye biyu. Tasha ta ce, da idonta jajir, "Mama, har da ke?" Aka fashe da dariya, karon farko ke nan da aka ji ta kira ta haka.

Na ce wa Malam ba za a tura yaron ko'ina ba sai an yi zaman. Ban taɓa yi masa magana a tsaye haka ba. Ya dube ni, ya ce to. Ya fara dawowa kafin magariba kwana biyu a sati. Ni kuma in na rufe ƙofa sai in yi ta zuba kamar rediyo: ga albasa, ga wuƙa ba a taɓawa, ga bas ja, ga tantabara a kan taga. Na tuno kirarin da Hajiya ke masa yana jariri na riƙa yi masa, ina jin kunyar bango. Sunan dai ban iya ba. Na gwada sau ɗaya, harshena ya ƙi. Amma Laraba uku, 'yan mata goma sha shida suna layi suna kiransa, wasu har sau biyu don tsokana, ga atisayen Litinin da Koci ta ce in riƙa kawo shi.

Ranar zaman, ɗaki ne mai fitila fari da teburi dogo. Ma'aikaciyar lafiyar nan, da wata mata mai gilashi daga council, da mai fassara ta waya. An riga an gwada kunnensa, lafiya lau. Malam ya yi bayaninsa da manyan kalmomi. Suna rubutu. Sai aka buɗe ƙofa, Koci Bev ta shigo da rigar atisaye, laka a takalminta, ta ce ita ta fara maganar, don haka tana so ta ƙarasa ta.

Mai fassarar ta juya mini abin da ta ce. Ta ce ta yi wata shida tana kallon matar nan. Ba ta taɓa ganin na kalli yaron a gaban mutane ba, gaskiya ne. Amma da ta koma ta yi tunani, ba ta taɓa ganin ya nufi titi ko kududdufi ba tare da ta tarar na riga shi isa wurin ba. Ta ce ita kocin ƙwallo ce, ta san mai tsaron da ba ya kallon mutum amma ba ya barinsa ya wuce. Ta ce abin da ya rasa jama'a ne, kuma yanzu yana da su.

Mai gilashin ta ajiye alƙalami. Yaron yana can ƙarshen ɗaki ya ba mu baya, yana ƙoƙarin buɗe wata durowa. Ta kira sunansa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

Ya waigo. Ya dube ta yana jira, ya ga ba ta durƙusa ta gaishe shi ba, ya koma kan durowarsa.

Na kafa idona a kan kafet. Suka ce za su rubuta mana wurin koyar da yara magana, ma'aikaciyar za ta leƙo bayan wata uku, ban da wannan ba wani abu. Yaro yana gidansu.

Malam ya wuce jami'a, Koci ta ruga don tana da aji. Ni da yaron muka hau bas, muka haye sama muka zauna a kujerar gaba inda yake so. Ruwa yana bin gilashi. Wani kare ya fito daga shago da mai shi, yaron ya miƙe tsaye a kan kujera, ya ja hijabina da ƙarfi don in duba. Ban duba da wuri ba. Sai ya sa tafin hannunsa a kumatuna ya juyo da fuskata, ya ce, da harshen 'yan matan nan sak, "Sa'a."

Akwai mutane a bas ɗin, har da wata mai hijabi a bayanmu da ban san ko ta ina ce ba. Ban waiga na duba ta ba.

Na ce, "Na'am."